Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: wa ke cin ribar masu saida kaya ta waya?

 Yau maganar kuɗi za mu yi, kuma ba za mu sassauta ba. Ƙannenmu da iyayenmu mata masu saida kaya ta WhatsApp da Facebook suna ciniki dare da rana, amma in wata ya ƙare aka zauna lissafi sai a tarar uwar kuɗi tana nan inda take. Wasu su ce bakin mutane ne, wasu su ce kasuwa ce ta mutu. Mu kuwa cewa muka yi a bi sawun kuɗin, tun daga aljihun mai saye har hannun mai kaya. A wannan hanyar ake gutsurar ribar sau uku, sau huɗu, har sau biyar, kuma mun saba da abin har mun daina kiran sa asara.

A nan ba mu da manyan shagunan intanet irin na Turai. Butikin ƴar'uwarmu shi ne hotunan da take ɗorawa a WhatsApp. Nan take jera turaren wuta, humra, lafaya, garin tattasai, yaji da busasshen kifi. Ƙaninmu shi kuma ya sa hoton takalma, shadda ko salula a Facebook, ya rubuta lambarsa a ƙasa. Mai saye yana Damagaram, ko Maraɗi, ko Agadas, ko Yamai mai nisan sama da kilomita 1,300 daga nan. A yi ciniki da saƙon murya, a turo kuɗi, a ɗaure kaya a kai tasha a sa a bis. Shi ke nan kasuwar.

Kada kuma a manta yadda aka yi muka rungumi wannan sana'a. Tun watan Fabarairu na 2015, bayan harin Boso da Difa, aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar nan. Aka hana hawan moto, ƴan kabu-kabu suka rasa abin yi. Aka tsaida cinikin tattasai da na kifi na tsawon lokaci, aka rufe kasuwanni irin su Gagamari da Kinjandi. Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, aka kuma sake rufewa a 2023 lokacin takunkumin CEDEAO. Ga ambaliyar Komadugu da ke cinye gonaki, kamar yadda muka gani a 2019 da 2022 da 2024. Mutumin da aka toshe wa gona da ruwa da kasuwa, ya sami ƙofa ɗaya cikin wayarsa, shi ne kuma ake tsayawa a bakin ƙofar ana karɓar kuɗin shiga da na fita. Abin da ya sa muke jin zafin maganar ke nan.

To mu zauna mu yi lissafi kamar ƴan lakwal. Lambobin da za mu sa misali ne, kowa ya ɗauko resinsa ya sa nasa a gurbinsu. A ce wata baiwar Allah a Shetimari ta saida turaren wuta da humra na jikka 10 ga wata Hajiya a Yamai. Kayan haɗi sun ci mata sefa 7,000. Kwalba da leda da kwali 500. Forfen intanet da kiredin kira, in aka raba bisa cinikin wata, a ce 500. Ribarta ke nan sefa 2,000.

Hajiya ta je ajans, ta ce a cire kuɗin aike a ciki. Sai 9,700 suka iso maimakon 10,000. Cizo na farko, 300. Kuɗin sun shigo asusun waya, mai kaya tana son tsaba a hannu, sai ta biya kuɗin cirewa, a ce 200. Cizo na biyu. Wakilin da ke kusa da ita ya ce ba shi da tsabar kuɗi yau, ko rezo ya ɗauke, dole ta shiga mota zuwa Difa ta dawo. In aka raba kuɗin motar bisa ƴan cinikin da ta je karɓa, wannan ya ɗauki 250. Cizo na uku. Kayan haɗin daga Maiduguri ko Kano ake kawo su, sai an juya sefa zuwa naira, ɗan canji ya ci nasa, a ce 150. Cizo na huɗu. Sannan a ba mai POS ko mai asusun banki a Najeriya ya tura wa dila, shi ma ya karɓi 100. Cizo na biyar. In ka tara, jikka guda cif ta tafi.

Jikka ɗaya cikin jikka 10, kashi 10 cikin 100 ke nan na farashin kaya. Amma ita baiwar Allahn nan ba farashin kaya take ci ba, riba take ci, kuma ribarta 2,000 ce. Wato rabin wahalarta ya tafi a hanya. In tana irin wannan ciniki sau 20 a wata, jikka 20 ke nan duk wata, jikka 240 a shekara. Ku gaya mana, buhun hatsi nawa ne wannan? Kuɗin littattafan yara nawa? Ita ta shaƙi hayaƙi wajen suyar turare, ita ta kwana tana amsa saƙo, ita za a zaga in kwalba ta fashe a bis, wasu kuma da ba su taɓa kayan ba sun raba ribar da ita daidai wa daida.

Mun san amsar da ake bayarwa, domin mun sha jin ta a wayar shirinmu. Wai ai dala 60 ce kawai, mene ne abin tada jijiyar wuya? Masu wannan magana yawanci masu albashi ne da ke aika kuɗi sau ɗaya a ƙarshen wata. Wanda ke biyan dala 60 sau ɗaya da wanda ake cire wa ita a kowane ciniki ba ɗaya suke ba. Kuma su waɗanda suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, ba sa raina irin wannan. A Amurka kamfanin Stripe, mai karɓa wa shagunan intanet kuɗin kati, yana cire kashi 2.9 cikin 100 da santi 30 a kowane ciniki, kuma ƴan kasuwar can kullum neman hanyar rage shi suke. Tarayyar Turai tun 2015 ta yi doka ta ƙayyade rabon da bankin mai kati zai ci, kada ya wuce kashi 0.2 cikin 100 a katin da ke cire kuɗi daga asusun mutum, 0.3 a katin bashi. Nan kusa da mu a Najeriya, Paystack yana karɓar kashi 1.5 cikin 100 da naira 100, kuma kome girman ciniki ba ya wuce naira 2,000. Bature mai jarin miliyoyi yana kuka da kashi 3, mu mai jarin jikka 50 tana biyan kashi 10 ana ce mata ta yi haƙuri. Wannan wane irin lissafi ne?

Amsa ta biyu da ake ba mu ta fi ta farko nauyi, kuma za mu yi mata adalci. Ana cewa aikin kai kuɗi yana da tsada, balle a jiha irin tamu. Gaskiya ne. Kafin su NITA, Al Izza, Amana, Zeyna da BNIF Afuwa su bazu a garuruwa, kuɗi a hannun direba ko wani matafiyi ake ba da su, a yi kwana biyu ana addu'a su isa lafiya. Yau cikin minti kaɗan kuɗi sun taso daga Yamai sun iso Difa. Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash su ma sun shigar da mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba. Ajans tana biyan haya, da mai gadi, da man janareto, da haɗarin ɗauko tsabar kuɗi a hanyar da kowa ya san halinta. Yaron da ke zaune cikin kiyos yana cire wa mutane kuɗi ɗan'uwanmu ne, ɗan kamashon da yake samu da shi yake ciyar da gida. Ba da shi muke faɗa ba, kuma ba mu ce a yi aiki kyauta ba.

Abin da muka ƙi shi ne a biya kuɗin aiki ɗaya sau da yawa. Kuɗin da suka shiga asusun wannan kamfani ba su iya tsallakawa asusun wancan cikin sauƙi. Mai saye yana da wannan, mai kaya tana da wancan, dilanta yana da na uku. To sai a cire a nan a biya, a taka da ƙafa zuwa wancan kiyos, a sake zubawa, a sake aikawa a biya. Kowane kamfani ya kewaye kansa da katanga, talaka ne ke biyan kuɗin tsallake ta. Wannan ba tsadar hanyar Difa ba ce, tsari ne da mutane suka yi, kuma abin da mutane suka ɗaura mutane na iya kwance shi.

Shaida tana nan cikin ƙasashen da muke kashe sefa ɗaya da su. A Senegal, da kamfanin Wave ya shigo ya ce zubawa kyauta, cirewa kyauta, aikawa kashi 1 cikin 100, jama'a suka yi ca a kansa, sai ga Orange Money ya karya farashinsa a 2021. Jiya ana cewa ba zai yiwu ba, da abokin gasa ya bayyana sai ya yiwu. A Indiya tun watan Janairu na 2020 gwamnati ta hana a cire wa ɗan kasuwa kome in an biya shi ta tsarin UPI daga asusun banki, shi ya sa har mai shayi a bakin titi da waya ake biyan sa. A Barazil babban bankin ƙasar ya buɗe tsarin Pix a watan Nuwamba na 2020, mutum ya tura wa mutum kyauta ko da bankinsu ba ɗaya ba ne. Mu ma babban bankinmu BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI ranar 30 ga Satumba na 2025, domin kuɗi su riƙa tsallakawa nan take tsakanin banki da asusun waya da ƙananan asusun bashi a ƙasashe 8 na UEMOA. Madalla. Amma biki a Dakar ba ya sa tukunya ta tafasa a Shetimari. Ranar da mai turare za ta karɓi kuɗi daga kowane asusu cikin nata ba tare da ta shiga mota ba, ranar za mu ce abin ya iso.

Akwai kuma yadda ake yanka tarif ɗin kansa. Yawancin kuɗin aike da na cirewa mataki-mataki ne: daga kaza zuwa kaza, a biya kaza. A irin wannan tsari ƙaramin ciniki shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Wanda aka cire wa sefa 200 bisa jikka 2 ya biya kashi 10 cikin 100. Wanda aka cire wa jikka 2 bisa jikka 200 ya biya kashi 1. Alhaji mai loda kamyo da buhunan tattasai yana biyan kaɗan bisa kowace jikka, yarinya mai saida kwalbar yaji tana biyan ninki goma. In ba a kira wannan tauye mudu ba, to me za a kira shi? Ga shi kuma a wurare da dama allon tarif ya kwanta ko rana ta cinye rubutunsa, ko yana nan amma da Faransanci zalla da ƙananan baƙaƙe. Uwa mai jin Barbarci ko Fulatanci ko Hausa kawai, ta yaya za ta san abin da aka cire mata daidai ne?

Sai maganar naira, wadda ita ce ta bambanta mu da mutanen Yamai. A bakin Komadugu da kuɗi biyu muke rayuwa. Damasak tana tsallaken ruwa, mafi yawan tattasanmu Najeriya yake tafiya, kayan da muke sarowa kuma daga can suke zuwa. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro 1 sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, ta tashi daga wajen 460 a dalar Amurka ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya saida kaya da naira bashi a wancan lokaci, ranar biya ya karɓi takardu masu yawa, ƙima kaɗan. Mun kuma ga abin da ya faru a farkon 2023 da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsaba ta ɓace, mutum yana sayen kuɗinsa da kuɗinsa wajen masu POS. Daga watan Disamba na 2024 kuma harajin naira 50 bisa duk turawar da ta kai naira 10,000 ya hau kan su OPay da Moniepoint da PalmPay kamar yadda yake a bankuna. Duk waɗannan suna faɗowa a kan ɗan kasuwarmu, ko ya sani ko bai sani ba. Ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, tazarar da ke tsakani ita ce abincinsa. Duk wanda ya juya kuɗi daga sefa zuwa naira, ya sake dawo da su sefa, ya ciyar da shi sau biyu.

Yanzu bari mu juyo gida, domin ba kamfanoni kaɗai ke da laifi ba. Ku masu saye, Alhazai da Hajiyoyi da manyan ma'aikata, ƴan asalin jihar nan da Allah ya ɗaukaka a Yamai da Damagaram, da ku muke. An yi ciniki, an daidaita bisa jikka 10, kun taya an rage muku har sau biyu. Sannan ku je ajans ku ce a cire a ciki, ba ku faɗa ba, ba ku tambaya ba. Mai kaya ta ga 9,700 ta yi shiru, saboda kunya, saboda kun girme ta, saboda tsoron kada ta rasa mai saye. Shirunta ba yafewa ba ne. In ka shiga butiki a babbar kasuwar Yamai ka sayi kayan jikka 10, kana iya cire kuɗin takasin da ya kawo ka kafin ka biya? To me ya sa ƴar'uwarka ta Shetimari za ta biya maka? Haƙƙi ne, kuma ƙanƙantarsa ba ta hana a tambaye shi gobe.

Ku ma masu kaya kuna da naku. Kunyar faɗin farashi ta yi yawa. Ba a cinikin biri a sama: tun a hoton kaya a rubuta farashi, a rubuta kuɗin aike na wa ne, a rubuta kuɗin bis na wa ne. In kin ga masu sayenki ba sa son jin an ce su ƙara wani abu, to ki sa kuɗin aiken cikin farashin tun farko, ki ce jikka 10 da 500 har ya iso tashar garinku. Dabarar da manyan shagunan duniya ke yi ke nan in suka ce kai kaya kyauta ne, sun riga sun lissafa shi a ciki.

Ki sayi kaye na dala 40, ki ja layi huɗu: abin da aka saya, abin da ya iso, abin da aka cire, da ta wace hanya. Wata ɗaya kawai ya isa ya nuna miki wace ƙofa ce ta fi cin kuɗinki. Ki ɗauki hoton allon tarif na kowace ajans da ke garin, ki jera su, domin wanda ya fi sauƙi a jikka 5 ba lalle ne ya fi sauƙi a jikka 50 ba. Ki kuma lura da bakin mataki. In tarif yana tashi da zarar kuɗi sun wuce jikka 10, kayan da kika sa wa 10,200 na iya bar miki ƙasa da abin da 10,000 cif za ta bar miki.

Babbar asarar kuma tana wajen cirewa. Da yawanmu da zarar waya ta yi ƙara sai a ruga kiyos a mai da kuɗin tsaba, kamar za su gudu. Kowace cirewa da kuɗinta. In dilanki ko mai kwalba ko mai ɗinkin lafaya yana da irin asusunki, ki biya shi daga asusu zuwa asusu, ki sayi kiredi da forfe daga nan. Abin da ya zama dole a cire, a tara shi a cire sau ɗaya ko sau biyu a sati. Masu MyNita da AmanaTa a wayarsu su duba abin da ake cirewa in an tura daga asusu zuwa asusu, su gwada shi da na zuwa gishe. Wanda cinikinsa ya fara girma ya shiga ofishin kamfani ya tambayi asusun ɗan kasuwa da sharuɗɗansa a rubuce, domin tarif ɗinsa daban yake da na asusun kowa da kowa. A wajen naira kuma, a yi farashi da kuɗin da za a saro kaya da su, a rage yawan juyi. Mata biyar masu saro kayan haɗi wuri ɗaya, in suka haɗa kuɗinsu suka yi canji ɗaya da turawa ɗaya, sun tsira daga biya sau biyar. Iyayenmu sun san adashi tun kafin a haifi salula, wannan ma irinsa ne. Kuma kada a saki kaya bisa hoton resi, sai an ga kuɗi cikin asusu ko an karɓe su a gishe, domin resin ƙarya ɗaya yana shafe tattalin wata uku.

Amma gyaran mutum ɗaya ba ya rushe katanga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoman tattasai suna da ƙungiyoyinsu, akwai majalisar manoma ta jihar Difa, akwai reshen majalisar ƴan kasuwa. Masu saida kaya ta waya su kaɗai ne kowa ke ɗakinsa da wayarsa. Mutum ɗaya mai cinikin jikka 200 a wata ba wanda zai saurare shi. Mutum 100 masu irin wannan ciniki miliyan 20 ke nan duk wata, kuma ba shugaban ajans ɗin da zai ƙi ba mai miliyan 20 kujera ya zauna a yi ciniki. Ku haɗu, ku yi rajista a ofishin magajin gari, ku zaɓi masu magana da yawunku, ku je ku ce: ga yawan kuɗin da muke bi da su ta hannunku, me za ku rage mana in muka tsaya wajenku? In wannan ya ƙi, ku tsallaka wajen maƙwabcinsa.

Ga kamfanoni kuma, buƙatunmu ba su da yawa. A kafa allon tarif babba a ƙofar kowace ajans da kowane kiyos, da manyan lambobi, a yi bayaninsa a gidajen rediyo da Barbarci da Hausa da Fulatanci. A fito da tarif na ƙananan ƴan kasuwa wanda ba ya hukunta mai cinikin jikka 2. A wadata wakilan ƙauyuka da tsabar kuɗi, musamman ranar kasuwa, domin asusun da sai an shiga mota kafin a taɓa shi rabin asusu ne. A kuma shiga tsarin BCEAO da gaske, a gaya wa jama'a ranar da zai fara aiki a nan da abin da za a riƙa cirewa.

Hukumomi su ma muna da saƙo gare su, cikin girmamawa. Duk inda kuɗi ke gudana cikin waya, hannun haraji yana son kai wa can. A dubi Gana. A watan Mayu na 2022 suka ɗora harajin kashi 1.5 cikin 100 bisa turawa ta waya, jama'a suka yi ta kuka, abin da aka tara bai kai abin da aka yi tsammani ba. Aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairu na 2023, a watan Afirilu na 2025 aka soke shi ɗungurungum. Yuganda ma ta ɗora kashi 1 a 2018, ba a rufa shekara ba ta mai da shi rabin kashi bisa cirewa kawai. In aka tsawwala wa waya, mutane tsaba za su koma ɗauka, kuma mu da ke jihar Difa mun fi kowa sanin abin da ke samun mai tafiya da tsabar kuɗi a aljihu. Sauƙaƙa biya ta waya a nan har da maganar tsaro a ciki. Muna roƙon magadan gari, da sarakuna da Bulamomi, da gwamnan jiha, su sa wannan magana cikin abin da suke kai wa sama, kamar yadda suke kai maganar taki da ta hanya.

Jama'a, ga aikin da muke ba ku wannan satin. Duk mai saida kaya ta waya ya duba cinikinsa na ƙarshe, ya rubuto mana a ƙarƙashin wannan rubutu abu uku: nawa aka saya, nawa ya shigo hannunsa bayan an cire kome, kuma a wane gari yake. Kada a sa hoton resi, kada a sa suna ko lambar kowa. Wanda bai iya rubutu ba ya turo saƙon murya da harshen da ya fi iyawa. Za mu tara, mu karanta a shiri, mu gayyaci wakilan kamfanoni su zo su amsa a gaban makirfo, kuma wanda ya fi sauƙi za mu faɗi sunansa ba tare da ya biya kuɗin talla ba. Ku tura wannan rubutu ga duk mai sana'ar da kuka sani, ku tura shi kuma ga Hajiya mai cewa a cire a ciki.

Allah ya sa albarka a nema, ya ba mu zaman lafiya a jihar Difa da ƙasa baki ɗaya. Mu kwana nan, sai mun ji daga gare ku.